Nawa ya kamata in biya a shafa wa intalok da kankaren gidana sila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gida a Kaduna. Farfajiyar gaba, inda muke ajiye motoci, intalok ne, wato ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa. Tsakar gida kuma kankare ne mai zane, irin wanda ake buga wa tambari tun yana ɗanye. Shekara biyu ke nan da yin su. Kala ta dushe, ga tabon baƙin mai, ga gansakuka wajen famfo, wasu wurare kuma sun yi fari-fari. Na kira mutum biyu su shafa sila. Sun auna sun ce sikwaya mita 140 ne, 100 intalok, 40 kankare. Ɗaya ya ce naira 280,000, ɗayan ya ce 900,000. Wane ne yake son ya cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, idan akwai wanda nake jin tsoro a cikinsu, mai arahar ne. Amma na 900,000 ɗin ma ban wanke shi ba tukuna, sai ya buɗe mana lissafinsa. Na fi shekara goma sha biyar ina shimfiɗa intalok da kankare mai zane tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, kuma duk lokacin da na ga farashi biyu sun yi nisa haka, nakan tarar ba aiki ɗaya mutanen biyu suke nufi ba. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Kankare da intalok kamar randar ƙasa suke, a ido a toshe, amma cike da ƙananan kafofi. Ruwa yana shiga, mai yana shiga, manja yana shiga. Abin da muke kira sila, wasu su ce folish, ruwan sinadari ne da ake shafawa don a rage wannan shan. Iyayenmu mata ma sun san dabarar tun kafin siminti ya zo ƙasar nan: idan an gama daɓe da maɗaɓi, sai a yayyafa ruwan makuba, wanda aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi tauri ta yi duhu. Kuma ba su taɓa ɗauka an gama ke nan har abada ba, in ya kwana biyu sai a sake. Riƙe wannan, za mu dawo kansa, don a nan ne mafi yawan kuɗinka zai tafi.

Sila gida biyu ne. Akwai wanda yake zama a sama kamar fata, shi ne mai ƙyalli, mai fito da kala. Wanda ya fi yawa a wannan gidan shi ne akirilik, kuma shi ma iri biyu ne: na sinadari mai wari kamar tinna, da na ruwa mai fari kamar madara kafin ya bushe. Akwai foliyuretan, ya fi tauri, ya fi tsada, ya fi wuyar gyara idan ya lalace. Akwai efoksi, wanda idan wani ya ce zai sa maka a fili ƙarƙashin rana, ka sallame shi da mutunci, don rana tana mayar da shi rawaya ya fara gari. Wurinsa cikin gareji ko sito. Gida na biyu shi ne wanda yake nutsewa cikin jikin kankaren, irin sinadaran da ake kira silen da siloksan. Ba ya ƙyalli, kusan ba ya canja kamanni, sai dai ka zuba ruwa ka ga ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza. Litarsa ta fi ta akirilik tsada, amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Don haka tambayar farko da za ka yi wa mutanen nan biyu ita ce: wane iri? Wanda ya ce maka "sila dai, mai kyau, na waje", bai ba ka amsa ba.

Awon nasu ka sake shi da kanka, minti ashirin ne da tef. Tsawo sau faɗi, ka cire wurin fulawa da bakin sokawe da gindin tanki. Idan intalok ɗinka mai kusurwa huɗu ne na santimita 20 a 10, guda 50 ne suke cika sikwaya mita ɗaya, kana iya ƙirga layi ka gane. Na sha ganin an ƙara wa mai gida sikwaya 20 ko 30 a takarda, ba don mugunta ba ma wani lokaci, an dai auna har da inda ba za a shafa ba.

To, bari mu ɗauka 140 ɗin daidai ne, mu yi lissafi da lita. Ni da lita nake lissafi, ba da naira ba, saboda tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni na 2023, kayan da ake shigo da sinadarinsu daga waje ba sa zama wuri ɗaya. Farashin bokiti na watan jiya ba lallai ya zama na yau ba, amma yawan abin da ƙasa take sha ba ya canjawa.

Intalok mashayi ne. A shafin farko, lita ɗaya ta akirilik takan rufe sikwaya mita 3 zuwa 4, saboda ga kafofin jikinsa ga kuma yashin da ke tsakanin layuka. A shafi na biyu ya riga ya ƙoshi, sai lita ta kai 5 zuwa 6. Ke nan sikwaya 100 za su ci wajen lita 29 a karon farko, 18 a na biyu, ya zama 47. Ƙara ɗan abin da zai tafi a rola da gindin bokiti, ka ce 52. Kankare mai zane ya fi santsi, lita takan yi sikwaya 5 zuwa 7, don haka sikwaya 40 shafi biyu wajen lita 13 ko 14 ne. Jimla wajen lita 65, wato bokiti uku na lita 20 da ɗan ƙari.

Yanzu raba 280,000 gida 65. Za ka samu kusan naira 4,300 a kowace lita, kuma wannan idan mutumin nan kyauta zai yi aikin, bai biya lebura ba, bai sayi fetur ɗin janareta ba, bai sayi ruwa ba, bai sha ko fiya wata ba. Ka ɗaga waya ka kira shago biyu ko uku masu sayar da kayan gini, a nan Kaduna ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko ta Dei-Dei a Abuja, ka tambayi bokitin akirilik na lita 20 a rufe nawa yake yau. Amsar da za ka ji ita za ta gaya maka ko kuɗin nan sun isa. Idan ba su isa ba, hanyoyin da ake bi a cike giɓin sanannu ne. A yi shafi ɗaya a ce biyu. A tsinka bokiti ɗaya da tinna, wasu har da fetur ko kananzir, ya zama biyu da rabi. A sayo banish na katako a shafa. Ko a share da tsintsiya kawai a hau shafawa kan datti. Duk waɗannan ranar da aka gama gida yana walƙiya, har maƙwabta su zo karɓar lamba. Bayan wata uku sai ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, kuma cire ɓataccen sila ya fi shafa sabo tsada.

Abin da ya fi bambanta farashi a tsohon gida kuwa ba bokitin ba ne, shirin da ake yi kafin a buɗe shi ne. A ayyukana, idan wuri ya shekara biyu ana hawa da sauka a kansa kamar naka, wanki da gyara sukan kai rabin kuɗin aikin gaba ɗaya. Sila kamar gilashi yake, duk abin da ya tarar a ƙasa zai rufe shi ya adana maka shi, har ya ƙara fito da shi fili.

Ɗauki baƙin man nan. Ba ruwa da omo kaɗai ke fitar da shi ba idan ya nutse. Ana sa sinadarin wanke maiƙo a bar shi ya jiƙa, a goge da buroshi mai tauri, a wanke, a sake. Wani tabon sai an yi sau uku, wani ba zai fita ba ko me za a yi. A nan intalok yake da daɗi: sai a zare guda goma ko ashirin da suka baƙance, a musanya su da na wani lungu da ba a gani, bayan tanki ko ƙarƙashin janareta. Sabo daga masana'anta ba zai zo kala ɗaya da naka da ya sha rana ba, shi ya sa na fi son musanya. Idan ba a fitar da man ba, sila ba zai kama wurin ba ma, zai tattare ya yi ido-ido.

Gansakukar wajen famfo ruwan bilic ne maganinta, a bar shi ya ɗan jima sannan a wanke sosai. Amma ka duba dalilin da ya sa ruwa yake kwanciya a wurin. Idan famfon yana ɗiga ne ko rariya ta toshe, ko intalok ɗin ya lotsa, a gyara tukuna. Wurin da ya lotsa ɗaga shi ake yi, a ƙara yashi a daddaɓe a mayar. Aiki ne na daban, da kuɗinsa.

Farin da kake gani yana iya zama abu biyu. A kan intalok, galibi gishirin siminti ne: ruwa yana narkar da farar ƙasar da ke cikin simintin ya fito da ita sama, ta haɗu da iska ta zama alli. Wannan ne ya sa ba a shafa wa sabon intalok sila sai ya yi wata biyu ko uku ya fitar da abin da ke cikinsa, sabon kankare kuma ba a taɓa shi kafin kwana 28. Ana wanke gishirin da asid da aka tsinka sosai. Ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan asid a kai, ba a juya tsarin. Kuma kada a kuskura a haɗa asid da bilic, ko a zuba ɗaya kan ɗaya bai wanku ba, hayaƙin da yake tashi guba ne. A kan kankare mai zane kuwa ba na barin yarana su kusantar da asid, don yana cinye kalar da ke sama. Farin da ke kansa sau da yawa tsohon sila ne da ruwa ya shiga ƙarƙashinsa.

Wannan tsohon silan shi ne babban abin da nake so a bincika. Kankare mai zane kusan ko da yaushe ana shafa masa sila bayan an gama shi, don haka naka yana da saura a jiki. Sabon da za a ɗora dole ya jitu da shi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ɗan zailin, wani sinadari mai kama da tinna, a wani lungu, a jira minti ɗaya, a taɓa. Idan ya narke ya yi danƙo sannan ya sake bushewa garau, akirilik mai wari ne, ana iya wankewa a ɗora irinsa, har ma zailin ɗin ya warware farin. Wannan shi ne sa'a, kuma shi ne araha. Idan ya cukurkuɗe ya yi kamar majina, ko bai motsa ba sam, to wani iri ne, kuma ɗora mai wari a kansa zai sa ya yamutse. Sai an kankare shi tukuna da sinadarin cirewa ko da inji, aikin kwana biyu na mutum uku a sikwaya 40, mai wari, mai cin rai. Idan mai 900,000 ya saka wannan a lissafinsa, ya fara wanke kansa a wurina. Idan ka tambaye shi ya ce bai ma gwada ba, to kuɗin nasa ƙiyasi ne da ya yi bayan ya kalli motarka.

Akwai wani abu da mutane suke mantawa: injin wanki mai feshi da ƙarfi yana fitar da yashin da ke tsakanin intalok. Yashin nan shi ne yake ɗaure su, ba ado ba ne. Bayan an wanke wuri ya bushe, dole a kawo busasshen yashi mai laushi da aka tankaɗe, a share shi cikin layukan har su cika, a bar shi ɗan ƙasa da baki, a hure ragowar. Idan aka tsallake wannan, duwatsun za su fara motsi ƙarƙashin taya, tururuwa ta samu gida, ciyawa ta fito da damina. Shi kansa ruwan wankin kuɗi ne idan ba ka da bohol, don ba aikin garuwa biyar ba ne, ga fetur ɗin janareta idan babu wuta. Ka tambaya a wuyan wa suke.

Game da kala, kafin ka kashe ko sisi, ɗebo ruwa a buta ka zuba a wurin da ya fi dushewa. Abin da idonka ya gani yana jiƙe, kusan shi akirilik mai wari zai ba ka. Idan kalar ta dawo da ruwa, sila kaɗai ya isa. Idan ya jiƙe amma har yanzu toka-toka yake, kalar ta riga ta goge, sai an sa sila mai kala ko an rina tukuna. Ƙarin kuɗi ne, kuma ka san wanda aka rina ba zai zama kamar ranar farko ba, komai za a faɗa maka.

Sai batun bushewa, wanda ni kaina na sha kashi a kansa. Shekarun baya na karɓi wani aiki a ƙarshen Satumba, mai gida yana da biki, ya matsa. Mun wanke ranar Talata, Laraba rana ta buɗe, Alhamis da safe na shafa hannu na ji a bushe, muka hau. Da yamma wuri ya yi kyau har na ɗauki hoto. Juma'a da hantsi yaron gidan ya kira ni ya ce, "Oga, ka zo ka gani, kamar an zubar da nono." Saman duwatsun ya bushe, amma yashin da ke ƙarƙashinsu cike yake da ruwan damina. Da rana ta taka, tururin ya taso ya rasa hanyar fita, ya tsaya ƙarƙashin silan. Layi-layi fari, musamman gefen katanga inda inuwa take. Kwana huɗu muka yi muna bi da zailin muna buɗe shi ya yi numfashi, da kuɗin aljihuna, kuma wasu wuraren sai da muka kankare. Tun daga ranar ba na shafawa sai na yi gwajin leda. Ka yanki leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a ƙasa, ka liƙe bakinta kaf da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga gumi a jikinta ko wurin ya yi duhu, ba a shirya ba. A yi gwajin a inuwa, ba a tsakiyar fili ba.

Wannan ya sa lokaci yake shiga farashi. A Kaduna ruwa yakan kai Oktoba, don haka ni daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba na fi so, ƙasa ta tsane, hazo bai yi ƙarfi ba. Da hunturu ana iya yi, amma ranar da ƙura ta taso za ta manne a ɗanyen sila ya zama kamar samfefa. Da bazara, Maris zuwa Mayu, ƙasa takan yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, kuma masu yin kayan galibi suna rubuta a jikin bokiti kada a shafa idan zafi ya wuce digiri 30 zuwa 32. Idan aka yi gardama, sila yana bushewa tun a kan rola, ka ga yana jan zare kamar saƙar gizo-gizo, ko ya yi ƙurajen iska. Sai dai a yi sammako ko a jira bayan la'asar, aikin kwana ɗaya ya zama biyu. Gaba ɗaya, aikinka idan za a yi shi yadda ya kamata mako guda ne: kwana ɗaya ko biyu wanki da gyara, biyu ko uku bushewa, ɗaya na yashi, ɗaya ko biyu na shafi. Bayan an gama, ƙafa ta jira awa 24, mota ta jira kwana uku a waje. Tayar da ta yi zafi daga titi idan ta tsaya kan silan da bai nuna ba, da shi take tashi. Wanda ya ce maka zai zo da safe ya gama da yamma, ka riga ka san abin da zai tsallake.

Ka kuma shirya da mutanen gida. Akirilik mai wari yana kama wuta, ranar shafi babu murhun gawayi, babu kunna gas kusa, babu janareta a gefe, a rufe tagogi, a kai yara da mai asma gidan 'yan'uwa. A kulle kaji. Akwai gidan da har yau sawun zakara yake a tsakar gida tun daga ƙofar kicin har gindin mangwaro.

Yanzu ra'ayina a kan gidanka, tunda wurare biyu ne masu hali daban.

Tsakar gida ita ce take buƙatar sila da gaske. Kalar kankare mai zane galibi a sama-sama take, sila ne rigarta, idan aka bar shi tsirara rana da tsintsiya za su cinye ta. A nan zan sa akirilik, shafi biyu marasa kauri. Amma tsakar gidan Bahaushe ba wurin kallo ba ce, a nan ake wanke-wanke, ake wanki, ake alwala, yara suna gudu, tsohuwa tana fitowa da silifas da asuba. Akirilik mai ƙyalli idan ya haɗu da ruwan sabulu, santsinsa kamar na kuɓewa. Akwai wani gari mai kama da sukari da ake zubawa a shafi na ƙarshe don ya ba ƙafa abin kamawa. Kuɗinsa kaɗan ne a cikin jimla, kuma shi ne abu ɗaya da ba zan yarda a cire ba ko an roƙe ni. Sai an riƙa juya bokitin yayin shafawa, in ba haka ba ya kwanta a gindi. Kuma a kiyayi kauri. Mutanenmu suna son su ga an malala shi kamar zuma, suna ganin kuɗinsu ya fito, alhali mai kaurin shi ne yake fara yin fari ya ɓare.

Farfajiyar gaba kuwa, gaskiya ita ce intalok mai kyau ba ya buƙatar sila don ya daɗe. Ga shi nan a gidajen mai da titunan unguwanni ba a taɓa shafa masa komai ba, yana nan. Wanda aka yi wa rowar siminti kuma, yana zubar da yashi idan ka goga ƙafa, sila ba zai cece shi ba. Abin da sila yake ba ka a nan abu biyu ne, kala da sauƙin wanke tabo. Idan ƙyallin ne burinka kuma kana da halin ci gaba, bismilla. Idan tabon mai ne damuwarka, akwai nau'in mai nutsewa da aka yi don ya ture mai da ruwa duka, ka tabbata an rubuta haka a jikinsa, don silen da siloksan zalla ruwa suka fi turewa. Idan kuma kuɗi sun yi kaɗan, a wanke, a musanya baƙaƙen duwatsun, a cika yashi, ka sa faranti ƙarƙashin motar da take ɗiga, ka kai ta wurin bakanike. Wannan kaɗai zai cire lita 52 daga cikin 65 na lissafinmu.

Dalilin da ya sa nake jan ka a kan wannan shi ne maganar makubar can. Akirilik a ƙarƙashin ranarmu, inda mota take bi, shekara ɗaya zuwa biyu ne ya fara gajiya, a inuwa ya kai uku. Kuma ba ya gajiya baki ɗaya, layin taya ne yake fara gogewa, sai farfajiya ta zama dabbare-dabbare, ta fi wadda ba a taɓa shafa wa ba muni. A shekara goma za ka sake sau huɗu ko biyar. Sabuntawar ba ta kai ta farko tsada ba, wanki ne da shafi ɗaya, amma kuɗi ne da za su riƙa dawowa kamar na makaranta. Mai nutsewa yakan kai shekara biyar ko fiye, kuma idan ya ƙare ba ya ɓarewa, sai dai ka lura ruwa ya daina dunƙulewa. Sau biyu ke nan a shekara goma. Idan ka jera su haka, wanda ya fi tsada a shago yakan zama shi ne mai sauƙi.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka kira su biyun, ka ce kowa ya rubuto maka a takarda, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu: sunan silan da kamfaninsa, lita nawa, shafi nawa, wanki da me, yashi yana ciki ko babu, gyaran inda ya lotsa, garin hana santsi, ruwa da fetur a wuyan wa, kwana nawa. Kuɗin intalok daban, na tsakar gida daban. Da zarar an rubuta, sau da yawa mai 280,000 yakan hau, mai 900,000 ya sauko, ka ga ainihin tazarar da ke tsakaninsu. Kayan kuma ka saya da kanka ko ku je tare, bokiti ya shigo gidanka a rufe, a buɗe shi gabanka, ka duba kwanan watan da ke jiki. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan, ni ma sauƙi yake yi mini, don in kaya ya tashi ba ni za a zarga ba. Kafin a hau aikin gaba ɗaya, a shafa sikwaya mita ɗaya a lungu, a bar shi kwana uku, ka zuba ruwa ka taka da silifas, uwargida ma ta taka. Kuma ku yi yarjejeniya tun farko cewa za ka riƙe wani kaso na kuɗin hannu sai bayan mako biyu, don fari da ƙuraje a cikin wannan lokacin suke fitowa.

Idan kana da juriya, sikwaya 40 na tsakar gida ba su fi ƙarfinka kai da yaro ɗaya ba, muddin gwajin zailin ya nuna akirilik mai wari ne a ƙasa. Rola mai gashi wadda take jure sinadari za ka nema, ta soso narkewa take yi, sai takunkumi na gaske mai tace iska, ba na yadi ba. Ka fara daga lungu kana ja da baya zuwa ƙofa, kada ka rufe kanka. Intalok ɗin ne ba na ba da shawarar ka taɓa, saboda injin wanki da aikin yashi.

Duk wanda ya yi aikin, ranar da aka gama ka ɗauki hoton bokitin gaba da baya ka ajiye, ka rubuta watan da shekarar. Nan da shekara biyu, wanda zai zo sabuntawa tambayarsa ta farko ita ce me aka shafa a baya, kuma amsarta ce za ta raba tsakanin ya wanke ya ɗora shafi ɗaya, ko ya kankare sikwaya 140 tun daga tushe.